Maigidana za a yi wa aikin ƙari ta hanci, ku ba ni shawara

Wata baiwar Allah (an sakaya suna): Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Maigidana direban motar haya ne, Kano zuwa Katsina. Tun bayan ƙaramar sallah yake dawowa da mota a goge, yau madubi, gobe ƙofa. Ya ce shi dai sai ya ga ɗan adaidaita a gabansa kamar daga ƙasa ya tsiro. Ga ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muka je a ba shi tabarau, likitan ido ya ce matsalar ba a ido take ba, ya tura mu hoton MRI. Wai ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen da ake kira fituwitari, ya kusa santimita 3, kuma ta hanci za a cire shi. Hajiyarsu ta ce ba da yawunta ba, kai ba a taɓa shi. Yayansa kuma ya ce a sayar da fili a tafi Indiya. Na rasa inda zan sa kaina.

Maman Biyu: Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne.

Anti Nas: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Mafi yawan ƙarin wurin nan ba ciwon daji ba ne. Fituwitari wata 'yar aba ce kamar ƙwayar wake mai sarrafa sinadaran jiki, tana zaune daidai ƙarƙashin inda jijiyoyin ganin ido biyu suka gitta juna. In ƙari ya girma sai ya danne su, gefe da gefen gani ya fara tafiya, sai tsakiya kaɗai ta saura. Shi ya sa yake goge mota. Ya ajiye tuƙi daga yau, don ransa da na fasinjoji. Sannan tambayata: an gwada masa furolaktin a jini? Akwai nau'in da ke fitar da wannan sinadarin, shi sau da yawa magani ake fara ba shi, irin su cabergoline, ya motse ba tare da wuƙa ba. Idan ba shi ba ne, to ido ba ya jiran taron dangi. Jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta farfaɗo ba.

Ɗan Kurmi: Ku gwada man habbatussauda da zuma, ana ɗigawa a hanci safe da yamma.

Admin: Malam, a bar wannan. Hancin da za a bi a yi aiki ba a ɗiga masa komai sai da izinin likita.

Baban Yara: Ni an yi min irinsa. Likitan ƙwaƙwalwa da na kunne, hanci da maƙogwaro ne suka haɗu, suka zura 'yar kyamara ta hanci. Ba a aske min ko gashi ɗaya ba, ki faɗa wa Hajiya haka, don na san tsaga kai take hangowa. Abin da ya fi ba ni wuya bayan aikin ne. Na farka hanci a toshe, da baki nake numfashi, leɓe duk ya bushe. Kwana biyun farko ƙishirwa da fitsari kamar an buɗe famfo, matata ce ke riƙe da littafi tana rubuta abin da na sha da abin da na fitar. Aka hana ni fyace majina, ɗaukar kaya da sunkuyawa har tsawon makonni. In atishawa ta zo, baki a buɗe. A zaune na riƙa sallah da ishara, abin ya dame ni sai da limaminmu ya ce ai lalura ce. Ki sa ido a kan abu biyu in kun dawo gida: ruwa garai-garai mai ɗan gishiri yana ɗiga daga hanci, ko amai da kasala da ruɗewa wajen kwana 7 da aikin, lokacin ne gishirin jini kan sauka. Ko wanne kika gani, ku koma asibiti a ranar. In an ɗora shi a kan hydrocortisone kuma, wato maganin da ke maye gurbin wani sinadarin jiki, kada ya daina don ya ji sauƙi.

Malama Uwa: Batun Indiya, kada a yi gaggawar rabuwa da fili. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, da na koyarwa na Sakkwato, da na Shika a Zariya, da babban asibitin ƙasa na Abuja. Ku tambayi likitan kai tsaye: sau nawa ya yi wannan aikin ta hanci, wa zai lura da sinadaran jiki bayan nan, kuma in bai cire duka ba mene ne mataki na gaba? Ko an tafi waje ma, nan za a dawo ana gwajin jini da MRI shekara da shekaru. Kuma ku tafi da Hajiya ranar ganin likita, ta ji da kunnenta. Maganar suruka daban, ta likita daban.

Wata baiwar Allah: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Anti Nas, na zazzage jakar takardun, ban ga sakamakon furolaktin ba, ashe rubuta mana aka yi ba mu je ba. Gobe da sassafe za mu. Mukullin motar yana hannun ƙaninsa tun ɗazu. Baban Yara, na karanta wa Hajiya naka, ta yi shiru, sai ta ce in tambaye ka: kana jin ƙamshin abinci yanzu?

Baban Yara: Ki gaishe min da Hajiya. Da farko ban ji, amma da hancin ya warke ya dawo. Yanzu daga zaure nake sanin an sa daddawa a miya.