Girgizar ƙasa: a shiga ƙarƙashin tebur ko a kwanta gefen gado?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp cewa duk wanda ya shiga ƙarƙashin tebur lokacin girgizar ƙasa ya haƙa wa kansa kabari, wai gara ya kwanta a gefen gado ko firij, inda rufi zai faɗo ya bar masa gurbi. Ƙanena zai tafi karatu Turkiyya, shi ya sa nake roƙon waɗanda abin ya taɓa rutsawa da su su faɗa mana abin da idonsu ya gani.

Ɗalibi a Gaziantep, Turkiyya:
Wa alaikumus salam Yaya. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, girgizar mai ƙarfin maki 7.8 ta same ni a hawa na huɗu. Na yunƙura in gudu, ƙafata ta ƙi tsayuwa, sai na rarrafa ƙarƙashin teburin karatu na rungume ƙafarsa, ina jin kabad ya kife a kan katifar da na baro. Wata uku kafin nan, a ranar 12 ga Nuwamba, hukumar AFAD mai kula da bala'o'i a Turkiyya ta yi atisayen ƙasa baki ɗaya kan durƙusawa, kare kai da riƙe abin da aka fake da shi, mu kuwa dariya muka riƙa yi. Abokin ɗakina da ya nufi matattakala ba takalmi, gilashi ya tsarge masa tafin ƙafa. Ki kuma gaya wa ƙanenki kada sanyi ya mayar da shi cikin gida: da ƙarfe 1:24 na rana wata mai maki 7.5 ta biyo baya, ta ƙarasa gine-ginen da suka riga suka tsage.

Wata 'yar'uwa daga Hatay, Turkiyya:
Ban ƙi taka ba ɗan'uwa, amma gininku bai rushe ba. A unguwarmu benaye sun zauna kan junansu kamar an jera faranti, kuma maƙwabciyata a gurbin da injin wanki ya bari aka zaƙulo ta da rai.

Injiniyan gine-gine:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Sai dai wanda ya tsira a gefen injin wanki shi ke ba da labari, wanda injin ya ture ya danne kuwa ba mu jin ta bakinsa. Ba mai iya sanin inda gurbi zai samu kafin gini ya faɗi, domin kayan ɗaki ma tafiya suke yi. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta daɗe da yin watsi da wannan shawara ta kwanciya a gefen gado ko firij. Haka tsayuwa a bakin ƙofa, a ginin zamani ba ta fi sauran bango ƙarfi ba.

Ɗan kasuwa a Marakesh, Maroko:
Malam Injiniya, a ƙara da maganar gidan ƙasa. A girgizar da aka yi a nan Maroko a daren 8 ga Satumbar 2023, ƙauyukan Al Haouz da aka gina da tubalin laka su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, mutum kusan 3,000 suka rasu. Masaukina ba bene ba ne, ɗakina kuma taku uku ne zuwa fili, don haka fita na yi, na tsaya nesa da katanga. Da a bene nake, ko a lungun tsohon gari inda bango ke zubowa kan masu gudu, da ban motsa ba.