Wace kalma za mu ba adsorption?

Jama'a, ina fassara wani bayani kan tsabtace ruwan da yuraniyom ya gurɓata, sai kalmar adsorption ta tsayar da ni. Da Faransanci ma haka ake rubuta ta. Batun kuwa namu ne: a Arlit da ke arewacin Nijar ana haƙar yuraniyom tun 1971, mahaƙar Akokan da ke kusa da garin ta rufe a 2021 ta bar tulin dusar ma'adini. Mutanen da ke shan ruwan yankin sun cancanci a yi musu bayani da harshen da suke ji.

Abin da kalmar ke nufi shi ne yuraniyom ɗin da ya narke a ruwa ya kama jikin ƙwayoyin tsatsar ƙarfe, irin wadda ke sa marmara da jar ƙasa yin ja. A jikin ƙwayar daga waje yake tsayawa, ba ya shiga cikinta.

Wani malami ya ba ni "tsotsewa". Ban karɓa ba. Soso ne ke tsotse ruwa ya shige cikinsa, wannan kuwa absorption ce, harafi ɗaya ya raba su amma aikin daban. "Mannewa" ta fi kusa, sai dai tana kawo wa mutum hoton gam, abin da aka liƙa aka gama.

To nan ne matsalar, domin kamun ba na dindindin ba ne, yanayin ruwan ke yanke hukunci. Idan ruwa ya yi tsami ƙwarai, tsatsar ba ta riƙe yuraniyom. A tsaka-tsaki, wajen 6 zuwa 7 a ma'aunin tsami da ake kira pH, riƙon ya fi ƙarfi. Da ruwan ya koma irin na kanwa, sinadarin kabonet ya yawaita, sai ya rungume yuraniyom ɗin su bi ruwa tare. In akwai kalsiyom, wato sinadarin farar ƙasa, abin ya ƙara muni. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom a maikirogiram 30 kacal a litar ruwan sha (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram).

Shi ya sa na tsaya a kan "ɗafewa". Ku tuna yaro ya ɗafe bayan a-kori-kura: yana waje, ya riƙe gam, amma da motar ta faɗa gargada sai ya saki. Kishiyarta, desorption, sai mu ce "sakin ɗafi".

'Yan uwa na Agadas da Tawa, haka kuke faɗin ɗafewa a wajenku, ko "ɗamfarewa" ta fi zama a bakinku?