Wanda ya karɓi taliya ranar zaɓe, yana da bakin kuka da ɓarayin gwamnati?

Malam: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne talaka ne ya ɗaure wa cin hanci gindi. A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023 sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito kimanin miliyan 25 ne kacal. Cikin waɗanda suka fito ɗin ma, wasu taliya da atamfa da sabulu suka bi. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi kujera, dole ya mayar da uwar kuɗinsa har da riba daga baitulmali. To wa za a zarga?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, ka tsallake mataki guda, kuma a nan ɓarnar take. Kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a an riga an gama ciniki a zaɓen fid da gwani. A zaɓen 2023, daliget ƙalilan, wato wakilan jam'iyya, daga kowace mazaɓa aka tara, aka kama musu otal, aka sallame su, wani lokaci da dala. Ranar zaɓe sai a miƙa wa talaka sunaye biyu ko uku da ba shi ya tsayar ba. Matar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, in ta karɓi dubu biyu, ba ita ta tsara wannan ba.

Barista: Ku duka kuna da gaskiya, amma a doka mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi tarar naira dubu 500, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Matsalar tana wajen gurfanarwa: hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, aka ɗora wa kai ƙara, alhali ba ta da ikon kama mutum ko bincike, sai ta jira 'yan sanda su kawo fayil. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe tun 2008.

Malam: Barista, ai jama'a na da kiranye. Me ya hana su amfani da shi?

Barista: Ranka ya daɗe, karanta sashe na 69 na kundin tsarin mulki. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka yi zaɓe ba. Sannan INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A mazaɓar da kashi 30 kacal suka fito zaɓe, ina za ka samo sama da kashi 50? Na Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018 a matakin tantancewa ya mutu, domin waɗanda aka tabbatar ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Kuma kiranye na 'yan majalisa ne kawai, bai shafi gwamna ko shugaban ƙasa ba.

Injiniya: Ni ina bayan Malam, amma ba don taliya ba. Laifin jama'a shi ne watsewa da zarar sun dangwala. An daɗe ana cewa a kasa, a tsare, a raka, kuma har gobe aikin ke nan. Bayan ƙirga, jami'in rumfa zai cike fom ɗin sakamako EC8A, ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba su kwafi, a liƙa sakamakon a bango, a ɗauki hotonsa da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Abin dubawa uku ne: adadin da BVAS ta tantance, jimillar ƙuri'un da aka kaɗa, da ko an yi goge-goge a fom ɗin. In ƙuri'u sun haura waɗanda aka tantance, doka ta ce a soke rumfar. Yawanci ba a rumfa ake sauya alƙaluma ba, a cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa ne, cikin dare, bayan kowa ya tafi gida. Hoton fom mai sa hannu shi ne hujja a kotu, surutun Facebook ba ya shiga.

Hajiya: Injiniya, wa zai kwana a wurin bayan 'yan daba sun zagaye shi? A yi wa mutane adalci mana.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya, shi ya sa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Unguwa ce za ta raba aiki tun kafin ranar: masu tsayawa rumfa, masu bin akwati, mai ajiye hotuna, da dattawan da ake jin kunyarsu.

Barista: Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar jiran shekara huɗu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardun kwangila ba tare da faɗin dalili ba. Kwana 7 gare su su amsa, in sun ƙi kana da kwana 30 ka je kotu. Inda ake kuskure shi ne rubuta tambaya a dunƙule. Ka faɗi sunan aikin, shekarar kasafin, kuɗin da aka saki da sunan ɗan kwangila, kuma ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ba hatimi, ba shaidar ranar da kwanakin suka fara.

Malam: To ga ƙananan hukumomi 774. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Mutum nawa ne suka taɓa tambayar ciyaman nawa ya shigo a wata?

Hajiya: Ciyaman ɗin da hukumar zaɓen jiha ta ba kujera, jam'iyyar gwamna ta cinye duka? Tsoron gwamna yake ji, ba naka ba, Malam. A fara ƙwace zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni tukuna, sannan a tuhumi talaka.

Barista: Wannan kuma gyaran tsarin mulki ne, Hajiya, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Su waye ke juya majalisun nan?