Na samu gurbin karatun likitancin dabbobi, amma makarantar ta yi nisa da wanda zan aura

'Yar Auta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun likitancin dabbobi, kuma ni na zaɓe shi da kaina, ba tura ni aka yi ba. Sai dai makarantar tafiyar wuni guda ce cur daga inda muke, karatun kuma shekara shida ne. Akwai wanda muka yi alkawarin aure da shi, iyaye sun san da maganar. Bai hana ni ba, shi ne ma ya fara taya ni murna, amma ba zai iya bi na ba, domin aikinsa a nan yake, kuma shi ke jinyar mahaifiyarsa.

Abu biyu ke damuna. Na farko yadda mutane suka karɓi labarin. Da na faɗa wa gwaggona sai ta yi shiru, can ta ce, "To Allah ya sa alheri, amma ba za a iya mayar da ke na mutane ba?" Wata ƙawata kuma ta ce ashe duk karatun daren da na sha don akuya na yi shi. Na yi dariya a gabanta, amma abin ya sosa min rai. Na biyu, kuma shi ne ainihin tambayata: waɗanda suka yi wannan karatu alhali masoyinsu na nesa, yaya kuka riƙe abin, musamman shekarun ƙarshe da ake cewa ɗalibi har kwana yake a asibitin dabbobi? A ɗaura aure kafin in tafi, ko a jira in gama?

Gimbiya:
Ƙanwata, duk namijin da zai hana ki karatu ba miji ba ne. Ki tattara kayanki ki tafi, maza ba su ƙare ba.

'Yar Auta:
Anti Gimbiya, ai bai hana ni ba. Na faɗa a sama, shi ya fara yi min murna.

Gimbiya:
Haka suke farawa.

Likitan Shanu:
Barka da arziki 'yata, Allah ya sanya albarka. Maganar gwaggonki ni ma na sha irinta, har yau akwai dangin da ke tambayata yaushe zan zama "cikakken likita". Rashin sani ne kawai. Wannan fanni tun 1761 yake da makaranta tasa, wadda Claude Bourgelat ya kafa a birnin Liyon na Faransa, lokacin da annobar shanu ke cinye garken manoma. Cututtuka biyu kaɗai ɗan Adam ya taɓa shafewa daga doron ƙasa: agana a 1980, sai bushiya, wato annobar shanun nan, a 2011. Ta biyun aikinmu ne, kuma rigakafin da Walter Plowright ya haɗa ya taka rawa babba. Ki gaya wa ƙawar taki ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a duniya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma hanyar tare shi ita ce yi wa karnukan allura. Wa ke yi? Wa ke tsayawa a mahauta da asuba yana duba huhu da hanta kafin nama ya fita, don kada tarin fuka ya shiga gidajen mutane? Shugaban kamfanin Pfizer ma, Albert Bourla, likitan dabbobi ne. Peter Doherty da ya ci kyautar Nobel ta fannin lafiya a 1996 shi ma haka. Ki ɗaga kanki.

Ɗan Barkwanci:
Ni dai abin da na sani, aikin nan ya fi na likitan mutane kwanciyar hankali. Ba a taɓa jin tunkiya ta kai ƙarar likitanta ba, kuma ba ta zuwa ta ce ta duba intanet ta gano ciwonta.

Likitan Shanu:
Tunkiya ba ta kai ƙara, amma mai ita yana kaiwa. Kuma saniya na harbi, ka tambayi gwiwata.

Mai Jiran Rabo:
'Yar Auta, ki saurare ni da kyau, don ni na bi hanyar da kike shirin bi, kuma irin karatun. Nawa ma haka ya yi murna, har shi ya raka ni tasha. Shekarun farko lafiya lau, kullum da daddare muna waya har cajin ya ƙare. Da aka shiga aji huɗu abin ya sauya. Safe kina aji, rana kina ɗakin gwaji, yamma a ce an kawo saniya naƙuda ta tsaya mata, ki sa safar leda har kafaɗa ki zura hannu kina laluben ƙafar maraƙi. Ki dawo ɗaki kina warin garke, ki ga kiransa a waya kashi-kashi, ki kira ya ƙi ɗauka. Washegari ya ce ba komai. Kalmar nan "ba komai" ita ta cinye mu, domin yana tarawa ne ban sani ba.

Sai mahaifinsa ya rasu ana gobe zan shiga jarrabawar da in ka faɗi sai ka maimaita shekara. Na kira shi ina kuka, ya ce in zauna in rubuta, Allah ya ba da sa'a. Na rubuta, na kamo hanya. Da na shiga gidan na durƙusa na gaida yayarsa, ta ɗauke kai kamar ba da ita nake ba. Ina ji wata daga ƙurya tana cewa, "Ita ce mai kula da karnukan?" Shi kuma bai ce uffan ba. Daga ranar aka fara sanyi. Na gama karatu na dawo da murnata, ashe mutumin da nake waya da shi daban, wanda na tarar daban. Ba mu yi wata uku ba aka ce kowa ya kama gabansa. Yau ina da aikina, alhamdu lillahi, amma duk wanda ya ce miki nisa ba ya komai bai ɗanɗana ba.

Maman Biyu:
Allah sarki. Allah ya musanya miki da mafi alheri. Wallahi har na yi hawaye.

Malamin Lissafi:
Abin da Mai Jiran Rabo ta faɗa ya yi daidai da wani bincike da Laura Stafford da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2006 kan ɗalibai masu soyayyar nesa. Cikin waɗanda suka dawo suka zauna gari ɗaya, kusan kashi ɗaya bisa uku sun rabu cikin wata uku da haɗuwar. Wato ba nisan kaɗai ke kashe abin ba, dawowar ma jarrabawa ce, saboda kowa ya saba da tsarin rayuwarsa, kuma a waya mutum kyawawan halayensa kawai kake ji.

Mai Jiran Rabo:
Ba sai an kawo min bincike ba Malam, jikina ya gaya min.

Baban Amira:
Da izininku. Ni matata ta yi wannan karatu, kuma da aurenmu ta yi rabinsa, ina wani gari tana wani. Yau ga mu tare da 'ya'yanmu. Abin da ya taimake mu shi ne mun daina dogara da "duk lokacin da aka samu dama". Mun tsayar da lokacin waya guda, in ba zai yiwu ba a turo saƙo tun da wuri. Ta ba ni jadawalin jarrabawarta na liƙa a bango, in na ga makon ya zo ba na jiran komai daga gare ta. Kuma ba mu taɓa rabuwa ba sai mun san ranar haɗuwa ta gaba. Na je na ga inda take aiki da idona, na tsaya a bakin ƙofa ana ɗinke wa wani doki ƙafa tun la'asar har aka kira isha. Daga ranar ban sake jin haushin rashin ɗaukar waya ba. Ki sa naki ya zo ya gani, ko sau ɗaya ne.

Mai Jiran Rabo:
Kai namiji ne, kuma da igiyar aure a hannunka. Me ka sani game da zaman macen da dangin saurayi ke ƙirga mata shekaru? Kada ka yaudari yarinya.

Baban Amira:
Hajiya, ba yaudara ba ce, abin da ya faru da ni na faɗa kamar yadda kika faɗi naki. Don naki bai yi ba, ba shi ne na kowa ba zai yi ba.

Gimbiya:
Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maza ku ɗan ja baya.

Baban Amira:
To ke Hajiya Gimbiya, karatun kika yi ko soyayyar nesan? Ko tambayar ma ba ki karanta daidai ba.

Maman Biyu:
Ku bar faɗa. Ni ta fuskar kuɗi zan yi magana, don ɗana yana aji uku. Ki shirya, abin da na kashe a littattafai da farar riga da takalmin roba da abin sauraren ƙirji da kwamfuta ya haura kuɗin makarantar kansa. In kika ɗora kuɗin motar zuwa ganin saurayi a kai, ban san inda za a je ba. Allurar rigakafin haukan kare kaɗai sai da na biya sau uku.

Ɗalibin Aji Biyar:
Mama, da girmamawa, ina jin ɗanki ya ɗan ƙara gishiri a lissafin. Ni ban sayi littafi ko ɗaya ba, ɗakin karatu da na waya sun ishe ni. Kayan aiki duka ba su kai kwatan kuɗin makaranta ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne zuwa gonaki lokacin koyon aiki, da haya. Allurar kuma sau biyu ce, mu kyauta ma aka yi mana.

Maman Biyu:
Kana nufin ɗana ƙarya yake min? Rasit ɗin na nan a jakata.

Likitan Shanu:
Kowannenku da gaskiyarsa. A da allura uku ake yi, a ranar farko, ta bakwai, sai ta 21 ko 28. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa biyu ya wadatar, ranar farko da ta bakwai. Wasu wuraren har yanzu tsohon tsarin suke bi. 'Yar Auta, ko ma wanne ne ki tabbata kin yi kafin ki fara taɓa karnuka, kuma ko da rigakafin, in kare ya cije ki sai kin wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 kin je an ƙara miki allura.

Ɗan Barkwanci:
Mama a binciki rasit ɗin da kyau, kada a ce rabin "littattafan" katin waya ne na kiran wata 'yar aji biyu.

'Yar Auta:
Na gode muku duka. Anti Mai Jiran Rabo, labarinki ya hana ni barci, Allah ya saka miki. Amma har yanzu ban ji amsar ba: a ɗaura kafin in tafi ko a jira? Kuma ga maganar mahaifiyarsa da ke kwance. In an ɗaura, ina tsoron a ce amarya ta bar suruka a gadon jinya ta tafi wajen dabbobi. In ba a ɗaura ba, shekara shida ba kwana shida ba ce.

Mai Jiran Rabo:
Shi ya sa nake ce miki dangin za ki duba, ba shi ba. Ki lura da yadda yayyensa mata suka karɓi labarin. Nawa ya so ni, amma bai iya buɗe baki a gaban yayarsa ba. Har yau in na tuna yadda ta ɗauke kai, ƙirjina zafi yake. Kuma ita ɗin ce bara ta aiko a tambaye ni maganin kajinta da ke mutuwa.

Mai Kiwon Kaji:
Tunda an zo maganar kaji, don Allah likitoci ku taimaka. Nawa 'yan sati huɗu ne, suna zawo mai jini, sun takure fukafukai a ƙasa. Na zuba musu kafso na mutane a ruwa kwana biyu ba sauƙi.

Likitan Shanu:
Ga shi nan, abin da ke ƙona min rai a aikin nan ke nan. A raina mu a baki, sannan sai an gama ɗura wa dabba duk abin da ke cikin kwabar magani, ta kusa mutuwa, a neme mu a waya a ce a faɗi magani kyauta. Malam, zawon jini a wannan shekaru ya fi kama da koksidiyosis, cutar hanji da ke yaɗuwa ta jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, kuma kafson da ka ba su ba ya taɓa ta. Amma ba zan rubuta maka magani ban gani ba. Ka ɗauki wadda ta mutu yanzu-yanzu ka kai a buɗe ta, ka kwashe jiƙaƙƙen dusar katako ka zuba busasshe, ka ware marasa lafiyan. Wannan ɗure-ɗuren shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, gobe ɗanka ya kwanta a ba shi irinsa ya ƙi aiki.

Mai Kiwon Kaji:
Likita, ku ma ku ji tsoron Allah. Na taɓa kiran wani, kuɗin zuwansa kaɗai ya kusa kuɗin kaji goma, kuma bayan ya tafi suka ci gaba da mutuwa. Me zai hana mu gwada da kanmu?

Ɗalibin Aji Biyar:
Rana ta nawa da fara ciwon ka kira shi? Kuma bayan ka ba su kafson, kana jiran kwanakin da magani ke fita daga jiki kafin ka sayar, ko kasuwa kake kai su da zarar ka ga sun fara layi?

Mai Kiwon Kaji:
Yaro, tun ba a haife ka ba nake kiwo. Ka gama makarantar tukuna.

Maman Biyu:
Ni ma ina da tambaya Likita. Kyanwata ta daina cin abinci tun shekaranjiya, na so in ba ta farasitamol, ɗana ya ce kada in kuskura. Gaskiya ne ko iyayinsa ne?

Likitan Shanu:
Gaskiya ya faɗa miki Hajiya, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ki ajiye, ki kai ta a duba yau ɗin nan. Kai kuma Mai Kiwon Kaji, ba ka amsa tambayar yaron ba. Rana ta nawa ka kira likitan?