Wai ESP32 da batir ba sa ga maciji?

Ɗaliba: Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Aikina na shekarar ƙarshe na'urar auna danshin ƙasa ce. Za a kafa ta a gonar rani ta riƙa aiko da sakamako da kanta, kuma ina so batir ya kai shekara. Ni ESP32 na iya, aisin nan (ƙwaƙwalwar na'ura) mai WiFi, sai ga wani ya ce mini duk wanda ya sa ESP32 a na'urar batir bai san aikinsa ba, wai sai aisi irin STM32L ko nRF52. Haka ne?

Malamin Foli: Wa alaikumus salam. Ya yi kaushin baki, amma yana da hujja. Ki buɗe takardun bayanan kamfanonin ki duba da idonki. ESP32 a barci mai nauyi, agogonsa na tafiya, yana jan wuta kamar 10 µA (µA dubu ne mA ɗaya, duk ma'aunin jan wuta ne). STM32L476 a kwatankwacin wannan hali 0.42 µA. MSP430FR5969 na Texas Instruments kamar 0.4 µA. nRF52832 na Nordic 1.9 µA da agogo, 0.3 µA idan an kashe shi gaba ɗaya. Tsakanin na farko da na biyu ya haura ninki ashirin. Na'ura irin taki kusan duk rayuwarta barci take yi, to ki zaɓi wanda ya iya barci.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, lambobin daidai ne, amma a lissafa su a shekara mu gani. Awa 8760 ce a shekara, don haka 10 µA ya tashi 88 mAh, wato ma'aunin cajin batir. Batir 18650 na kirki, dogon nan mai caji, yana ɗauke da 2500 mAh ko fiye. Yoyon da batirin ke yi da kansa yana ajiye a kan tebur ya fi wannan. Inda wutar ke tafiya da gaske shi ne farkawa. A ce na'urar na tashi duk minti 15, ta ɗauki daƙiƙa 3 tana haɗa WiFi a kan 120 mA. Idan aka baje wannan a kan minti 15 ɗin, ya zama 400 µA. Barcin nan da muke ta kai ruwa rana a kansa kashi ɗaya ne cikin arba'in na wannan. A haka batir zai yi kamar wata takwas. A mayar da aikawar sau huɗu a rana, 400 ɗin ya koma kamar 17, shekara ta samu har da canji. Ba a canza aisi ba, layi ɗaya aka gyara a manhaja.

Mai Gyaran Inbata: Ni fa turancinku ya yi mini yawa, amma ƙanwata, wane bod ne a hannunki? Irin mai ramin USB da ƙaramar jar fitila?

Ɗaliba: Shi ne, Yaya.

Mai Gyaran Inbata: To juya shi ki duba kusa da ramin, za ki ga wani baƙin abu mai ƙafa uku da faffaɗan kunne, galibi an rubuta AMS1117. Ragileta ce, mai daidaita ƙarfin wuta. Ita kaɗai tana shan kamar 5 mA ko ba ta ba kowa komai ba. Ga aisin USB, CH340 ko CP2102, ga fitilar da ba ta mutuwa. 5 mA sau awa 24 ai 120 mAh ne kullum, mako uku batirin Injiniya ya tafi. Mutum ya kwantar da ESP32 ɗinsa yana ta murna, alhali maƙwabtansa a kan bod ido biyu suke. Kuma wannan ciwon ba na ESP32 kaɗai ba ne. ATmega328P tsirararsa ƙasa da 1 µA yake ja a kashe, amma bod ɗin Arduino Uno da ke ɗauke da shi gomman mA yake sha.

Malamin Foli: Ban musa ko ɗaya ba. Sai dai Injiniya ya zaɓi babban batir ne don lissafinsa ya yi kyau. A kawo CR2032, mai kama da kwabo, 220 mAh. Wannan 88 ɗin da ka raina ya cinye kashi 40 cikin 100 kafin a auna komai. Ƙari ga haka, ESP32 na iya fizgar 240 mA lokacin aikawa, kwabon ba zai iya bayarwa ba, wuta ta faɗi, na'ura ta sake tashi daga farko. nRF52832 kuwa kamar 5 mA yake buƙata ya aika ta Bluetooth. Shi ya sa AirTag na Apple, ɗan abin gano kayan da suka ɓata, da aisin Nordic a cikinsa, ke yin kimanin shekara da kwabo ɗaya.

Injiniya: Malam, ai gona ta ce, ba maƙalar makulli ba. Akwai wurin 18650 har da ɗan farantin sola.

Ɗaliba: Afuwan, akwai abin da ban faɗa ba. Babu WiFi a gonar, kuma gidan da za a karɓi sakamakon ya kai kilomita biyu.

Malamin Foli: Madalla, magana ta fito. Idan babu WiFi, me ESP32 zai yi miki? Abin da ya fi kowa da shi ke nan. Bluetooth ma ba zai kai ba, don haka nRF52 ya fita. Ya rage LoRa, rediyo mai nisan zango, ko layin waya. SIM800L, na layin waya, na fizgar har 2 A, wato 2000 mA, ki bar shi sai dole. LoRa ta aisin SX1276 tana kai 120 mA a iyakar ƙarfinta, amma na ɗan ƙiftawar ido, babu jiran haɗuwa da kowa. STM32WLE5 kuwa ya haɗa ƙwaƙwalwar da rediyon LoRa a aisi ɗaya, ana samunsa a haɗe kamar RAK3172.

Injiniya: A takarda Malam ya fi ni. Amma wata nawa ya rage mata ta kare aikin? Wadda ta saba da manhajar Arduino za a ce ta koma ta STM32Cube, ta nemi ST-Link na loda manhaja a aisi, ta jira kaya daga Sin, idan ɗaya ya ƙone ta sake jira. Mu da muka ga 2021, lokacin da STM32 ya yi ɓatan dabo kuɗinsa ya ninninka, ba ma raina abin da ke kusa. ESP32 ko yau ka shiga kasuwar kayan wuta ka samu. Ta haɗa shi da SX1276, ta sa ragileta mai ƙaramin ci irin HT7333 ko MCP1700, ta wuce wurin.

Malamin Foli: Makaranta wurin koyon abin da ba a iya ba ne. Idan kowa ya tsaya a ESP32, wa zai ƙera mana mitar ruwa da za ta yi shekara goma a rufe?

Mai Gyaran Inbata: Kafin ku gama, abu biyu da ko wanne ta zaɓa za su cije ta. Sansar danshin nan da ake sayarwa tana shan 'yan mA muddin tana jone, to ta riƙa ba ta wuta lokacin aunawa kaɗai. Sannan rezista biyu na 100k da ake jerawa don duba cajin batir, su kaɗai suna zubar da kamar 20 µA dare da rana, ninki biyu na barcin ESP32. Batir 18650 kuma, duk wanda aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya bai cika wuce 3500 ba.

Malamin Foli: Na ƙara da batun zafin rana. Lambobin da na kawo duk a digiri 25 aka auna su. Akwatin roba a tsakar gona cikin Afrilu ya wuce nan nesa, kuma yoyon aisi a barci yana hawa da zafi, batirin ma haka. Ki sa akwatin a inuwa, ki fente shi fari.

Ɗaliba: Na gode ƙwarai. To da me zan auna? Mitata tana da wurin µA.

Injiniya: Za ta nuna miki barci, amma da na'urar ta farka wutar za ta faɗi a cikin mitar, ta kashe miki ita. Ki gama ƙafafun mitar biyu da guntun waya har sai ta kwanta, sannan ki cire ki karanta. Idan sashenku na da Power Profiler Kit II na Nordic, abin auna jan wuta, shi zai zana miki barci da farkawa tare.

Mai Gyaran Inbata: Ki kawo bod ɗin shago gobe bayan la'asar, in ɗaga miki ragiletar da fitilar da iska mai zafi, mu auna a gabanki.

Malamin Foli: Ku auna, ku turo mana lambar. Ni dai zan ba ta aron RAK3172 guda ɗaya, ta gwada su gefe da gefe a kan batir iri ɗaya.