Neman Shawara: In Riƙe Tukwanen Gas Ɗina Ko In Koma Musanya?

Mai Shayin Mota: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure. Shekara tara ina da teburin shayi a bakin titi a Kano, har ranar da aikin faɗaɗa hanya ya tashe mu. Wata bakwai na yi a gida ba sana'a. Maiɗakina ce ta sayar da tumakinta biyu da ɗan kunnen aurenta, yayanta ya ranta min ciko, muka sayi wata tsohuwar Hayis da ta gaji da lodin fasinja. Na cire kujerun, kafinta ya buga min kanta, aka yanka taga a gefe. Yanzu kasuwanni nake bi: Lahadi Dambatta, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Shayi, Indomie da ƙwai, sai wake da shinkafa da take dafa min. Alhamdu lillahi ana samun na cefane, bashin ma na biya rabi.

Tukwanen gas biyu na saya sababbi fil, masu kilo 12.5, nakan cika su a gidan gas ranar Asabar. Sati uku da suka wuce ta biyun ta ƙare min a Maigatari da azahar, ga mutane a tsaye da kuɗi a hannu. Wani mai shago ya ce in kawo fankon ya ba ni cikakkiya. Na karɓa a gurguje. Sai da na koma gida na juya ta na ga gindinta duk tsatsa, fenti aka shafa a kai. Da na koma wata Alhamis ɗin, tawa sabuwar ta riga ta shiga gari. Yanzu yayan matata ya dage wai in daina wahalar layi a gidan gas, in riƙa musanya kawai, mai shagon ma ya ce zai riƙa ajiye min ɗaya duk mako. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanne ya fi?

Hajiya Mai Waina: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya saka wa matarka da alheri, irinta ba su da yawa. Ni dai ɗana, gidan gas ɗin ma ba tsira ba ne. Kilo shida na biya a wani wuri, ko kwana goma bai yi ba, alhali wata guda yake yi min a da. Na koma na yi magana, yaron ya ce wai wutata ce ta yi yawa. Shekara ashirin ina suyar waina, shi zai koya min wuta! Tun daga ranar na koma gawayi.

Injiniya Mai Walda: Malam, ka saurare ni da kyau, shekarata 22 ina aikin ƙarfe. Kada ka sake ba kowa tukunyarka. A ƙasar nan ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ita ce tukunya ta yi shekara 15 a jefar da ita, kuma duk shekara biyar a gwada ta. Wane mai shago ne yake gwadawa? Wanda ya sayi sabuwa shi yake riƙe da ranar haihuwarta, an buga ta a jikin mariƙin, tare da nauyin fankon. Wadda aka ba ka, je ka kankare fentin ka duba. In ba ka ga shekara ba, ko ka ga alamar an yi mata walda a gindi, ka fitar da ita daga motarka yau, ba gobe ba. Ni da hannuna na sha korar masu kawo min tukunya in toshe musu huda. Ba a yi wa tukunyar gas faci.

Kuma ka san yadda masu shagon nan suke cika ta? Daga babbar tukunya mai kilo 50 suke juyewa da tiyo, wani ko sikeli ba shi da shi. Gas ɗin nan ruwa ne a ciki, zafi yana kumbura shi, shi ya sa ake barin wajen kashi 20 cikin ɗari ba a cika ba. In aka danƙara maka ita har wuya, ka saka a motar ƙarfe a ranar Maigatari ta watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, me kake jira? Ka tuna Sabon Tasha a Kaduna, Janairun 2020. A shagon gas abin ya tashi, har Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya rasu a wurin.

Mai Shayin Mota: Na gode Injiniya. Amma mai shagon nan ba macuci ba ne, dattijo ne, tare muke sallar azahar. Kuma tukunyar na shafa mata ruwan omo a baki, ba ta yi kumfa ba.

Injiniya Mai Walda: A baki ka shafa. Gindin fa? Ban ce macuci ne ba. Shi kansa bai san hannu nawa ta bi ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Injiniya, ka yi haƙuri, amma ka yi wa musanya kuɗin goro. Mu nan Nijar haka muka tashi muka gani: ka kai butalinka fanko, a ba ka cikakke a liƙe, mai kilo 6 ko 12.5, ka biya ka tafi. Ba wanda yake tsayawa a ɗura mishi a gabanshi. Gana ma bayan gobarar gidan gas ta Atomic Junction a Accra a 2017 wannan tsarin gwamnatinsu ta nufa. Matsalarmu ɗaya ce, lokacin da gaz ya yi wuya. Bara na yi kwana huɗu ina yawo da butali a bayan babur, ga masu ɓoyewa su sayar a bayan fage. Wannan kam Allah Ya isa.

Injiniya Mai Walda: Ɗan uwa, ai ka faɗi bambancin da bakinka. A wurinku kamfani ne yake da tukunyar, wurinsa take komawa, shi yake dubawa ya liƙe. Wannan dattijon kamfani ne? Sunan iri ɗaya ne kawai, abin ba ɗaya ba ne.

Direban Tirela: Ni tambayata daban. Malam, daga Maigatari zuwa Wudil ba nan kusa ba ne. Ranar Alhamis da dare a ina kake kwana? Kuma a ina tukwanen suke zama cikin motar?

Mai Shayin Mota: A motar muke kwana ni da yarona, a tasha. Ɗaya tana ƙarƙashin kanta, ɗayar nakan kwantar da ita bayan kujerar direba don kada ta yi ta gangara a hanya. Da sanyin nan kam sai mun rufe gilasai, yaron yana da ciwon ƙirji.

Direban Tirela: Innalillahi! Ɗan uwana, wannan ya fi batun musanya girma. Ba a kwantar da tukunya, a tsaye take zama, a ɗaure. In tana kwance ruwan ne yake zuwa bakin bawul. Gas kuma ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi ya kwanta, daidai inda kuka shimfiɗa tabarma. Na taɓa ɗaukar wani yaron mota zuwa asibiti saboda murhu a rufaffiyar mota, har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi. Ka fito da su waje da dare.

Mai Shayin Mota: In na fito da su waje a tasha, wa zai tsare min? Janareton maƙocina a nan aka ɗauke. Kuma kullum ina cire rigileta kafin mu kwanta. Wata takwas ke nan ba abin da ya faru.

Maman Biyu: Ni abin da na gani, yayan matarka ne matsalar. Don mutum ya ranta maka kuɗi ba shi zai tsara maka sana'a ba. Haka ƙanin mijina ya yi mana da ya sa hannu a shagonmu, har kuɗin burodi sai ya tambaya. Ka lallaɓa ka biya shi ka huta.

Mai Shayin Mota: A'a Maman Biyu, kada mu ɗauki alhakinsa. Mutumin kirki ne. Yana ganin Asabar ce kaɗai ranar hutuna, ita ma rabinta a layin gas take tafiya, ga man da nake ƙonawa.

Injiniya Mai Walda: To ga magana ɗaya. Ka ƙara tukunya ta uku sabuwa, ka cika duka ranar Asabar a gidan gas mai lasisi, a gaban idonka a kan sikeli: nauyin fanko a haɗa da 12.5, abin da ya kamata ka gani ke nan. A yi maka kejin ƙarfe mai kwaɗo a bayan motar ta waje, da rumfa a kansa, a huda bangon a shigo da tiyo. Ɓarawo ba zai ɗauka ba, kai da yaro ku yi barci lafiya. Mai tsatsar nan kuma ka mayar wa dattijon, ko da asara.

Ɗan Damagaram: Keji a bayan mota? In wani ya daki motar ta baya fa, Injiniya?

Hajiya Mai Waina: Ni dai gawayi bai taɓa fashewa da kowa ba.

Mai Shayin Mota: Na gode duka, Allah Ya bar zumunci. Gaskiya kuɗin tukunya ta uku da keji ba ni da su yanzu, ƙarshen wata zan kai wa yayan matata kason bashinsa, ga tayar baya ta suɗe. Mai tsatsar kuma akwai sauran gas kusan rabi a ciki, ba zan iya zubarwa ba. Bari in ƙarasa shi tukuna. Gobe Alhamis, zan yi wa dattijon magana ko zai iya nemo min tawa. Akwai wanda ya san nawa ake sayar da fankon mai kilo 6 yanzu a Kano?