Joka a atisaye: abin da masu horarwa suka ce a unguwar Nima, Accra

Bayan La'asar muka zauna a gefen filin Kawukudi, hira ta kai mu ga joka, wato yaron da ke bin duk ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo a wasan huɗu da huɗu. Yawancinmu mun yarda yana taɓa ƙwallo sosai, amma ba ya bin kowa don ƙwatowa, shi ya sa rigarsa ba ta jiƙewa kamar ta sauran. Wannan ya dame ni, domin sau da yawa yaro ɗaya muke bari a wurin. Shawara ita ce a riƙa canja shi kowane zagaye, a ƙara masa gajerun tsere a ƙarshe. Wani dattijo ya ce wurin ya dace da mai murmurewa daga rauni, muddin an hana kai masa ƙafa.